Laka ta kwanta, amma launin shayi ya ƙi barin ruwan famfo

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni sabon ma'aikaci ne a wata ƙaramar matatar ruwa da ke jawo ruwa daga dam, muna tace lita miliyan 5 a rana. Tun da damina ta kankama muke fama. Muna zuba alif yadda aka saba, laka tana kwantawa, ruwa ya yi garau, amma idan ka ɗebo shi a farin bokiti sai ka ga launin shayin da bai ji ganye ba. Kulorin ma ba ya kaiwa unguwannin ƙarshen layi. Da muka ƙara alif, sai ruwan ya yi fari-fari ya ƙi kwantawa. Alif ɗin ne ba shi da kyau, ko mu ne muka kuskure?

Amsa: Barka dai, ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ina kyautata zaton alif ɗinku lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne kuna auna shi da yawan laka, alhali a wannan lokaci na shekara ba laka ce ke cinye shi ba. Da kuka ƙara kuma, kun ƙara ne ba tare da kun duba tsamin ruwan ba. A wurare biyun nan matsalarku take.

Ruwan dam datti iri biyu yake ɗauke da shi, kuma guda ɗaya kawai ido yake iya gani sosai. Na farko laka ce, ƙananan ƙwayoyin yumɓu da ke yawo a ruwa su dame shi. Na biyu narkakke ne. Ka jiƙa ɓawon itace ko busasshen ganye a ruwa ya kwana, da safe ka tace shi da tsumma mai kyau: ba za ka ga ko ƙwayar datti ba, amma ruwan ya rine. Abin da ke faruwa a daji ke nan duk shekara, sai dai randar ta kai girman ƙaramar hukuma. Ganyen da ya zube da rani, karan da ya ruɓe a gona, kashin shanu, saiwoyin ciyawa, duk ƙasa tana narkar da su a hankali, ruwan sama na farko ya wanko su zuwa dam. Ni jiƙo nake kiransa idan ina koyar da ma'aikata, don sunan ya dace da shi. Masana sun raba mafi yawansa gida biyu, humik da fulbik, kuma su ne masu launin. A ɗakin gwaji, duk abin da ya ratsa matacin da ramukansa ba su wuce maikuron 0.45 ba (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), narkakke ake ɗaukarsa, kuma ana auna jiƙon ne da yawan kabon ɗin da ke cikinsa, miligiram nawa a lita.

Idan kana son ganin bambancin datti biyun nan ƙuru-ƙuru, nemi hoton mahaɗar koguna biyu da ke kusa da birnin Manaus a Barazil. Kogin Solimoes ya taho jajir da laka, Kogin Negro kuma baƙi ƙirin kamar shayin da aka manta a kan wuta, alhali kusan babu laka a cikinsa, jiƙon dajin Amazon ne zalla. Suna tafiya kafaɗa da kafaɗa tsawon kilomitoci kafin su gauraya. Dam ɗinku da damina kogunan nan biyu ne a randa ɗaya. Na'urarku ta auna duhun ruwa laka kawai take gani.

Wani zai ce ai launi ne kawai, mene ne abin damuwa? Da a ce iyakarsa ke nan da da sauƙi, ko da yake ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ma ta ƙayyade launi kada ya wuce 15 a ma'auninsa, kamar yadda ta ce duhu kada ya wuce 5. Amma jiƙo yana cin kulorin. Duk abin da kuka zuba, sai ya fara ɗaukar kasonsa, ragowar ce ke tafiya cikin bututu, tana tafiya yana ƙara gutsura. Shi ya sa gidajen da ke kusa da matata suke kukan wari, na ƙarshen layi kuma ba su da ko ɗigo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a samu aƙalla miligiram 0.5 na kulorin a lita bayan minti 30 da zuba shi, kuma kada ya gaza 0.2 a bakin famfon mai sha. Sannan jiƙon abinci ne ga ƙwayoyin cutar da ke yin santsi a cikin bututu da tankuna.

Babbar damuwar kuwa an gano ta ne a 1974. Wani masanin sinadarai mai suna Johannes Rook, da ke aiki a kamfanin ruwan birnin Rotterdam a Holan, ya nuna cewa idan kulorin ya haɗu da jiƙo a ruwa, kulorofom da 'yan uwansa suna samuwa. A ɗanyen ruwan babu su, sai bayan an sa maganin. A shekarar ne kuma masu bincike na hukumar kare muhalli ta Amurka suka ga abu ɗaya a nasu ruwan. Kulorofom da 'yan uwansa uku, su huɗun nan, su ake kira THM a taƙaice, kuma akwai wasu dangin masu yawa bayansu. Binciken da aka yi a kan mutanen da suka shafe shekaru masu yawa suna shan ruwa mai yawan irinsu ya nuna alaƙa da ƙaruwar ciwon dajin mafitsara. Amurka ta sa iyaka a 1979, maikurogiram 100 a lita, ta rage zuwa 80 a 1998. Mu kuma a nan zafi yana ƙara mana aiki, don haɗuwar tana saurin faruwa a ruwa mai ɗumi, ga shi ruwanmu yana daɗewa a tanki da bututu saboda ba kullum ake turo shi ba.

Kafin in wuce, kada ka ji wannan ka je ka rage kulorin. Na sha ganin wanda ya karanta labarin THM ya tsorata ya maƙale hannu. Kwalara da taifod a cikin kwanaki suke kwantar da unguwa, haɗarin THM kuwa ƙarami ne kuma na shekaru da dama ne. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta don gudun waɗannan sinadarai. Gyaran yana can baya: a cire jiƙon tun kafin ya gamu da kulorin. Aikin alif ke nan, idan an san yadda ake sarrafa shi.

Ka taɓa tsayawa wurin mai awara? Madarar waken suya tana tafasa fara tas, ko za ta kwana ba za ta rabu da ruwanta ba. Tana zuba ruwan tsami, wasu ma alif ɗin suke jiƙawa, sai ka ga ta tsinke nan take, gudaji sun haɗu, ruwa ya ware gefe. Kusan haka muke yi. Ƙwayoyin laka da na jiƙo duk suna ɗauke da caji iri ɗaya, mai alamar ragi, don haka ture juna suke yi kamar bakin maganaɗisu biyu masu kama da juna, ba za su taɓa haɗuwa su yi nauyin nutsewa ba. Alminiyam ɗin da ke cikin alif kishiyar cajin yake da shi. Yana shiga ruwa sai ya kama jiƙon, ya kashe masa caji, su dunƙule tare su zama abin da ba ya narkewa. Ragowar alminiyam ɗin kuma ya rikiɗe ya zama fararen gudaji masu kama da auduga, waɗanda jiƙo ke mannewa a jikinsu, suna nutsewa suna share laka. Kuma mai awara ta san abin da yawancin sababbin ma'aikata ba su sani ba: ruwan tsami idan ya yi kaɗan madara ba ta tsinkewa, idan ya zarce awara ta lalace.

Inda lissafinku ya karkace shi ne nan. Cajin da ke jikin jiƙo ya ninka na laka sau goma-goma idan aka kwatanta nauyi da nauyi, wani lokaci ya kai ninki ɗari. Saboda haka miligiram 6 na jiƙo a lita, da ba ka ma ganinsa sai a farin bokiti, zai iya cinye alif fiye da ruwan da ya yi jajir da laka. Kuma shi ne yake fara kamawa. Ƙiyasin da muke aiki da shi, kowane miligiram na kabon ɗin jiƙo yana neman tsakanin rabin miligiram zuwa miligiram ɗaya na alminiyam. Alif kuwa kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na nauyinsa alminiyam. Ka buga da kanka: ruwa mai jiƙo 6 zai nemi alif daga miligiram 33 zuwa 66 a lita. A matata irin taku mai lita miliyan 5, wannan kilo 165 ne a ƙasa, 330 a sama, wato buhu uku da ɗoriya ko buhu shida da rabi kowace rana. Abin da ke yanke hukunci tsakanin adadin biyu shi ne tsamin ruwa, wato pH.

Ma'aunin pH daga 0 yake zuwa 14, bakwai ne tsakiya, ƙasa da shi tsami, sama da shi ɓangaren kanwa. Zobo ma yana nuna maka, ka jefa masa kanwa ka ga yadda jan yake juyewa. Idan ruwa ya ɗan yi tsami, abu biyu ne ke faruwa a lokaci ɗaya kuma duk a gare mu suke: cajin jiƙo yana raguwa, na alminiyam yana ƙaruwa. Don haka alif kaɗan sai ya yi aiki mai yawa. Wurin da ya fi dacewa da cire jiƙo da alif yana tsakanin 5.5 da 6.5, ni na fi son in zauna kusa da 6, don a nan ne alminiyam ya fi ƙin narkewa, ba ya bin ruwa zuwa gidajen mutane. A pH 7.5 laka za ta kwanta maka lafiya lau, ruwa ya yi garau, amma jiƙo kaɗan za ka cire. Na tabbata a nan kuke zaune kafin ku ƙara alif. Idan kuma ka gangara ƙasa da 5.5, gudaji ba sa haɗuwa, alminiyam yana zama a narke, cajin ƙwayoyin ma yakan juye su koma ture juna. Wannan ne farin ruwan da ka gani.

Me ya kai ku can? Alif da kansa mai tsami ne. Kowane ruwa yana da ɗan ƙarfin da yake tare tsami da shi, ni nakan ce kanwar ruwa, kuma kowane miligiram na alif yana cinye kusan rabin miligiram nata. Da rani ruwan dam yana da ita daidai gwargwado. Da damina ruwan sama ya sirka shi, ta ragu, a daidai lokacin da jiƙo ya ƙaru. A ce ta sauko 30. Ka zuba alif 40, ka cinye 20, saura 10, kana bakin rami amma ba ka faɗa ba. Ka ƙara zuwa 60, ka cinye ta ƙarƙaf, pH ya rufta kamar ginin ƙasa a watan Agusta.

Na taɓa ganin haka da idona a wata matata, shekarun baya. Da asuba aka kira ni cewa tankin kwantarwa ya zama kamar ruwan kamu. Na tarar famfon da ke auna alif ya lalace kwana biyu, an ɗora tanki a kan bulo ana ɗigar da jiƙaƙƙen alif ta kan famfo irin na gida. Mai aikin dare, dattijo ne mai tsoron Allah wanda ya girme ni a aikin nesa ba kusa ba, ya ga ruwa ya canza launi bayan ruwan sama, sai ya murɗe kan famfon. Da ya ga bai gyaru ba, ya farfasa dunƙulen alif ya jejjefa a magudana. Na tsoma na'ura, ta nuna 4.7. Na ce, “Baba, alif ya yi yawa.” Ya ce, “Injiniya, yaya za a yi magani ya yi yawa ciwo bai tafi ba?” Ban yi masa gardama ba. Na ɗebo ruwan tankin a kwalba biyu, na ɗiga ruwan farar ƙasa, mai kashe tsami, a ɗaya, na juya da cokali. Kafin minti biyar gudaji suka fito kamar an watsa auduga, ɗayar kwalbar tana nan fari fat. Ya daɗe yana kallon kwalaben, sannan ya tashi ya ɗauko buhun farar ƙasa da kansa.

To amma farar ƙasar ma akwai inda ake kuskure da ita, kuma wannan ya fi yawa. A matatu da dama al'ada ce a zuba ta tun a farko, gaban alif, har pH ya kai 7.5 ko 8, wai don ruwa ya cika ƙa'ida. Ƙa'idar 6.5 zuwa 8.5 ta ruwan da ke fita ce, ba ta ruwan da ke cikin tankin juyawa ba. Wanda ya yi haka ya sayi alif da kuɗi, ya sayi farar ƙasa da kuɗi ya kashe masa ƙarfi. A farko, ka sa iya wadda za ta riƙe ka kusa da 6 idan kanwar ruwan ba ta isa ba. Sauran ka ajiye sai bayan matacin yashi, a nan ne za ka ɗaga pH don kare bututu.

Babu wanda zai zauna a ofis ya faɗa maka adadin alif ɗin dam ɗinku, ko ni. Gwajin kwalba shida ne zai faɗa. Idan kuna da injin juyawa, madalla, idan babu, kwalabe masu faɗin baki da cokula da agogon waya sun isa a fara. Auna giram 10 na alif ɗin da kuke aiki da shi, ka narkar a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Yanzu kowane mililita ɗaya da ka ja da sirinji ka zuba a lita ɗaya ta ɗanyen ruwa, miligiram 10 ne a lita. Cika kwalabe shida da ruwan dam na ranar, ka ba su 20, 30, 40, 50, 60 da 80. Juya da ƙarfi minti ɗaya, sannan a hankali kamar mai dama kunun jariri minti 15 zuwa 20, ka bar su su kwanta rabin awa. Ka auna pH na kowace kwalba ka rubuta, wannan shi ne abin da kowa ke mantawa. Ɗebi ruwan sama-sama ka tace da takardar tacewa kafin ka duba launi, don laka tana ruɗar ido. Daga nan sai zagaye na biyu: ɗauki adadin da ya fi kyau, ka ba duk kwalaben shi, abin da za ka bambanta kawai pH ne, daga 5.5 zuwa 7.2, da ɗigon ruwan farar ƙasa ko soda. A wannan zagayen ne ido ke buɗewa.

Kada manyan gudaji su yaudare ka. Kwalbar da ta fi kyan gani, mai gudaji ɓul-ɓul da saurin kwantawa, sau da yawa ba ita ce ta fi cire jiƙo ba. Gudajin jiƙo ƙanana ne, marasa nauyi, masu saurin wargajewa. Hukunci yana ga ruwan da aka tace. Wanda ke da na'urar haske yana auna yawan hasken da ruwan ke shanyewa a zango 254, wani haske da ido ba ya gani, don jiƙo mai launi yana shan wannan hasken sosai. Idan aka raba wannan adadi da yawan kabon, ana samun wata lamba da ake kira SUVA, wadda ke nuna irin jiƙon. Ta kai 4 ko fiye, humik ne ya yi rinjaye, alif zai iya cire rabi ko sama da haka. Ta gaza 2, ko ka juye tirela da wuya ka cire kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ba ku da na'urar, ga dabarar talaka da ba ta taɓa ba ni kunya ba: zuba wa kowane tataccen samfur kulorin daidai wa daida, ka rufe, ka sa a duhu awa biyu, ka auna ragowar da ƙwayar gwajin da kuke da ita. Wanda ya fi riƙe kulorin shi ne ya fi rabuwa da jiƙo, kuma ai matsalar da ta kawo ka ke nan.

Sai ka san inda za ka tsaya. Dokar Amurka ta 1998 ba ta ce a cire jiƙo duka ba, don ba zai yiwu ba. Ta tsara jadawali ne daga kashi 15 zuwa kashi 50 cikin 100, gwargwadon yawan jiƙon da kanwar ruwan. Ruwa mai kabon 4 zuwa 8 da ƙarancin kanwa, kamar yadda nake hasashen naku da damina, kashi 45 ake nema. Sun kuma sa wata iyaka mai hankali: idan ƙarin miligiram 10 na alif bai cire ko 0.3 na kabon ba, an zo wurin da ƙari asara ne.

Akwai lokacin da launin ba jiƙo ba ne, ka kiyaye. Idan ruwa ya fito garau sannan ya yi ja ko baƙi-baƙi bayan an sa kulorin ko bayan ya ɗan zauna, ka zargi ƙarfe da manganis, musamman idan bakin bututunku yana jan ruwan ƙasan dam inda iska ba ta kaiwa. Maganinsu daban ne, kuma saukar da pH ba ya taimakon manganis. Haka nan jiƙon da gansakuka ke fitarwa a ƙarshen damina da lokacin zafi, ba shi da launi sosai kuma alif ba ya kama shi da kyau. Shi ne mai kawo warin ƙasa-ƙasa, sai an haɗa da garin gawayi na musamman da ake yi don tace ruwa. Dam ɗin da kainuwa ko kacala suka cika, irin yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, yana samar da nasa jiƙon daga ciki duk shekara, ba sai an wanko masa ba.

Za ka ji 'yan kasuwa suna tallar wasu magunguna. Gishirin ƙarfe, ferik kuloraid ko ferik salfet, yakan fi alif cire jiƙo, amma a pH 4.5 zuwa 5.5 yake nuna ƙarfinsa, yana cin tankuna da famfuna, kuma ɗan kuskure kaɗan ruwa ya fito ja. PAC, wanda shi ma alminiyam ne da aka riga aka rage masa tsami, ba ya cinye kanwar ruwa kamar alif, don haka ya dace da ruwan damina, sai dai tsada. Duk wanda aka kawo maka, ka sa shi a kwalba kusa da alif ɗinka, ka lissafa kuɗin tace lita miliyan ɗaya, ba kuɗin buhu ba.

Ƙarin alif yana da nasa wahalhalun, gara ka sani tun yanzu. Lakar da ke taruwa a gindin tanki za ta ƙaru, mara nauyi ce kuma, idan ba ku yawaita zubar da ita ba za ta taso ta toshe matacin yashi. Alminiyam ɗin da ke bin ruwa kada ya wuce miligiram 0.2 a lita, kuma pH ne ke tsare shi. Amma abin da na fi jin tsoro shi ne a saukar da pH a manta a ɗaga shi. Ruwa mai tsami yana cin bututu, ya kwaso ƙarfe da dalma. Birnin Flint na jihar Michigan a Amurka ya koma shan ruwan koginsa a watan Afrilun 2014. Kogin yana da jiƙo, THM ya haura iyaka, aka ƙara ferik kuloraid don a rage shi, ba a kuwa sa maganin da ke hana bututu zaizayewa ba. Kamfanin General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antarsa a watan Oktoban shekarar, don yana sa kayan inji tsatsa, mutane kuwa suka ci gaba da sha. Dalmar tsofaffin bututu ta shiga jinin yara kafin a mayar da birnin kan ruwan Detroit a Oktoban 2015. Duk canjin da za ka yi a matata, ka bi shi har bakin famfo.

Wani gyara da ba ya cin ko kwabo: duba inda kuke zuba kulorin. Idan kuna zuba shi da yawa a ɗanyen ruwa tun a bakin shiga, kuna haɗa shi da jiƙo a lokacin da jiƙon ya fi yawa, kuma yana farfasa gansakuka ta zubo da abin cikinta. Mayar da babban kason zuwa bayan matacin yashi. Ka kuma duba wurin da alif ke faɗawa ruwa. Aikinsa na kama jiƙo a cikin daƙiƙoƙi yake ƙarewa, don haka a inda ruwa ke tumbatsa da ƙarfi ya kamata ya shiga, a narke, ba a kwantaccen lungu ba, ba kuma dunƙule-dunƙule ba.

Mutanen gida ma za su tambaye ka, tunda yanzu kai ne ɗan gidan ruwa. Masu jefa alif a randa su rage hannu: a ɗan juya dunƙulen a ruwa a cire shi, idan ruwan ya yi bauri a harshe an zarce. 'Ya'yan zogale, waɗanda matan karkarar Sudan suka daɗe suna kwantar da ruwan Nilu da su, suna kwantar da laka sosai, amma su kansu tsiro ne, suna ƙara wa ruwa nasu jiƙon, shi ya sa ruwan ba ya jure ajiya. Alif da zogale duk ba su isa kashe cuta ba, sai an tafasa ko an sa kulorin bayan an tsiyaye.

Gobe da safe ka fara da auna pH a wuri uku: ɗanyen ruwa, bayan alif, da ruwan da ke fita. Ka sayi littafi mai layi ka riƙa rubuta su kullum tare da adadin alif, launi, ragowar kulorin a matata da ƙarshen layi, da ko an yi ruwa jiya. Gwajin kwalba kuma a maimaita shi duk bayan ruwa mai ƙarfi, don dam ɗin Yuni ba shi ne na Satumba ba. Idan ka tara na mako biyu ka turo mini, mu duba tare mu ga ko farar ƙasa za a matsar ko alif.